Tabon da Gado Ya Ɓoye

A Garin Ƙadri, wani ɗan ƙauye kusa da Bawdeta, kowa ya san Gado ya taɓa yin kuturta, ko da yake ba mai iya nuna inda ta taɓa shi. Yana saurayi ciwon ya fito masa a cinya. Kawunsa, wanda ya yi fatauci ya ga duniya, bai tsaya jiƙe-jiƙe ba. Ya ɗora shi a kan jaki har Tasawa, daga nan suka hau mota zuwa likitar 'yan mishan da ke wajen Maradi, inda ake jinyar kutare. Shekara uku Gado ya yi a can yana haɗiyar wasu 'yan ƙwayoyi farare. Ya komo gida da yatsunsa ashirin cif, ya iya karatu, ya kuma zama mai bin Yesu.

Mutanen garin ba su kore shi ba, ba su kuma rungume shi ba. Ana gaisawa, ana gayya tare, amma in an zo cin tuwo sai a zuba masa nasa daban. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Ya kama gonar ubansa, lokacin kuwa gujiya ce ke tashe, kowa ya rage hatsi ya ƙara ta. Cikin 'yan shekaru ya yi rumbu biyu da jaki.

Lailatu bazawara ce, mijinta na fari ya rasu ba su kai ga haihuwa ba. Sana'arta man gujiya da ƙuli-ƙuli, kuma a duk kewayen ba mai hannunta wajen matsa. Da Gado ya nemi aurenta, yayarta Hajjo, mai sayar da mai a kasuwar Tasawa, ta zo takanas don ta hana.

"Kuturu ko ya warke kuturu ne," in ji Hajjo. "Ga shi kuma ya bar salla. Mi kika gani gare shi?"

"Yaya, na ga mutum mai gaskiya," Lailatu ta ce. "Ko ba shi da komi, ba ya yi mini ƙarya."

Aka yi auren. Bayan shekara ita ma ta karɓi addinin mijinta, ba don ya matsa mata ba. Suka sami ɗiya, aka sa mata Zara'u.

A daminar da ta zo kafin shekarar 'yancin kai, wata rana da hantsi, Lailatu ta kawo masa fura a gona. Ta sunkuya za ta ajiye ƙwaryar, sai idonsa ya sauka a bayanta. Ƙasa da kafaɗarta ta hagu akwai wani tabo, faɗinsa bai wuce bakin ludayi ba, launinsa kamar jan ƙarfe. Duk bayanta ya jiƙe da gumi, wurin nan kaɗai ne a bushe.

Gado ya san irin wannan tabon. Ta zauna tana dama furar, tana ba shi labarin akuyar maƙwabta da ta shiga mata ɗaki. Ya tsinko wata siririyar ciyawa, ya matso ta bayanta, ya shafa a tsakiyar tabon, kamar yadda aka taɓa yi masa da auduga a likita. Ba ta ko motsa ba, labarinta kawai take yi. Ya shafa gefe kaɗan. Nan take ta kai hannu ta kaɗe, tana tsammanin ƙuda ne.

Ta waiwayo ta ga fuskarsa. "Maigida, lafiya? Mi ka gani?"

"Ba komi," ya ce. "Ƙyasfi ne ya ɗan fito miki."

"Haba, shi ne ka yi zuru haka? Sha furarka."

Ya sha, amma bai ji ɗanɗanonta ba. Wannan ita ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi mata, kuma ta fito daga bakinsa tun kafin ya yi shawara da zuciyarsa.

Ya san abin da ya kamata. Ba wanda ya fi shi sani a garin. Amma da ya tuna hanyar Maradi sai wasu abubuwa su taso masa. Ya ga Hajjo tsaye a ƙofar gidansa tana cewa ai ta faɗa. Ya ga matan gari sun daina sayen man Lailatu, an hana yara wasa da Zara'u. Ya tuna su biyar ne kacal masu bin Yesu a wannan yanki, kuma akwai wasu biyu da suka fara zuwa suna saurare daga nesa. Me za su ce in suka ji Allahn Gado bai tsare ko matarsa ba? Abin da ya fi duka ci masa rai shi ne tunanin cewa daga jikinsa ciwon ya fito, duk da an sallame shi da shaidar ya warke. Ta yaya zai dubi matar da ta zaɓe shi a kan maganar danginta, ya ce mata ga abin da ta samu?

Sai ya ce wa kansa, bari a cire gujiya tukuna. Ba a barin gona a tsakiyar damina.

Ya duƙufa da addu'a. Kowace safiya kafin ya ɗauki hauya, yakan durƙusa a bayan rumbu ya roƙi Ubangiji ya share tabon nan ba tare da kowa ya sani ba. Ya yi azumi, ya yi alkawura. In ya tashi sai ya ji sauƙi, ya ce ai ya miƙa wa Allah, kuma wanda ya miƙa wa Allah abu ba ya waiwaye. Da rana kuma ya saci kallon bayanta, ya ga tabon yana nan.

Aka cire gujiya, aka kai ma'auni a Tasawa. Shekarar ta yi albarka. Ga guzuri a hannu, ga motoci suna ta jigilar buhuna zuwa Maradi. Gado ya tsaya a tasha yana kallonsu, sannan ya sayi turmin atamfa ya kai wa Lailatu. Ta yi murna ƙwarai. Matan maƙwabta da suka lura da tabon su ma ƙyasfi suka kira shi, suka ce ta shafa toka da man shanu.

Masu bin sukan taru a zauren Gado sau ɗaya a wata, ranar Lahadin da Danda ya zo. Danda dattijo ne mai wa'azi, yana zagaya ƙauyuka a kan wani tsohon keke. Wata Lahadi bayan an watse, yana zaune yana liƙe tayar kekensa, ya ɗaga kai ya dubi Gado.

"Ɗana, ka rame. Ko rumbun naka ado ne?"

Gado ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya tsuguna kusa da shi, ya daɗe yana wasa da ƙasa, sannan ya ce, "Baba, in mutum yana da wata damuwa, ya roƙi Allah da zuciya ɗaya, ya bar masa, ya yi laifi?"

Danda ya ci gaba da goga robar a kan dutse. "Ya danganta. Akwai mai bar wa Allah kaya don ya yarda da shi. Akwai kuma mai yada kayan a ƙofar Allah ya ruga, don kada a gan shi da su. Daga nesa duk kamarsu ɗaya." Ya hura taya, ya kara a kunne. "Akwai magana ne?"

Maganar ta zo har bakin Gado. Daga cikin gida ya jiyo Lailatu tana yi wa Zara'u waƙa tana daka.

"Babu, Baba. Tambaya ce kawai."

"To," in ji Danda. "In ta zama magana, ka san gidana."

Damina ta sake zagayowa, aka ce ƙasa ta sami 'yancin kai. A Tasawa aka yi kiɗe-kiɗe, aka ɗaga sabuwar tuta. Wani mai awon gujiya da ake kira Mamman ya tsokani Gado a kasuwa, ya ce, "Nasara za su tattara su tahi, har da masu maganin naku. Sai mu ga wanda zai riƙe ku." Wasa yake yi, amma Gado ya riƙe maganar kamar wanda ya tsinci abin da yake nema. Ya ce wa kansa wataƙila ma an rufe likitar, me zai sa ya tona asirin gidansa a banza? Direbobin Maradi suna nan birjik a tasha, tambaya ɗaya ta isa. Bai yi ba.

A cikin watannin nan Lailatu ta fara kukan tsami a gwiwar hannunta na dama. Allura takan suɓuce mata ba ta sani ba. Gado ya narka man shanu ya murza mata, ya ce yawan matsar tunkuza ne. Ta gode masa, ta ce samun miji irinsa sai an tona. Ya fita ya zagaya bayan rumbu, amma ranar ko durƙusawa bai iya ba.

Bayan kaka, wata safiya, yana saman rumbu yana gyaran jinka, ita kuma tana suyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida. Kaskon ya karkata, ta kai hannu ta tare shi ta gefe, ta ci gaba da juyawa da ɗaya hannun. Wani ƙauri ya bugi hancin Gado, ba na mai ba. Ya leƙo ya ga gefen hannunta a manne da baƙin kasko, ita kuwa tana ta aikinta.

"Lailatu! Hannunki!"

Ya diro ya fizge ta. Ɗan ƙaramin yatsanta da na kusa da shi sun ƙone, fatar ta yi fari ta tashi. Ta ɗaga hannun ta dube shi kamar na wata. Ta latsa wurin da babban yatsanta na hagu. Ta sake latsawa.

"Ban ji komi ba," ta ce a hankali. "Maigida, ko kaɗan ban ji ba."

Ta dube shi. Shekara biyar suna tare, ta san fuskarsa. Ba mamaki ta gani a cikinta ba.

"Ka sani," ta ce.

Ya zauna a ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ce miki ƙyasfi ne. A gona."

Ta ƙirga a ranta. Damina biyu. Man da ke kasko ya fara hayaƙi, ta janye itacen da ƙafa. Ya fara bayani, yana ambaton Hajjo, da mutanen gari, da addu'o'in da ya yi, da azumi. Ta bar shi ya gama.

"Kai kawunka ya kai ka da wata nawa?"

"Biyu."

"Shi ya sa kake da yatsunka." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu ko ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta yage gefen tsohon zane ta naɗe hannun. "Ka yi ta roƙon Allah a kaina, ni ban sani ba. Da ka hwaɗa mini, da mu biyu ne muke roƙon, muna tafe a hanya. Tashi ka ɗaura wa jaki. Yau za mu kwana Tasawa."

Da suka gama shiri, ta goya Zara'u, ta tsaya a zaure ta ce ya yi addu'a su kama hanya. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai ita ta yi. Gajeriya ce. Ta ce, "Ubangiji Yesu, ina jin tsoro. Ban san abin da ke gabana ba, kai ka sani. Ka riƙe ni, ka riƙe ɗiyata, ka riƙe wannan bawa naka da tsoro ya ci. Amin."

Sun isa gidan Hajjo da la'asar. Lailatu ta so ta ce ƙuna ce kawai, amma Gado ya riga ta. A tsaye a tsakar gida ya faɗi komai, har da watannin da ya yi shiru. Hajjo ta yi masa duk abin da ya daɗe yana tsoro. Ta kira shi kuturu, ta kira shi maƙaryaci, ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya sunkuyar da kai ya sha. Abin bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Daga nan Hajjo ta share hawaye, ta kwance Zara'u daga bayan ƙanwarta ta goya, ta ce yarinya tana wurinta har uwarta ta komo. Ta saka mayafi ta fita, ba ta dawo ba sai da ta samo musu wuri a wata motar gujiya mai tashi da safe.

A saman buhuna suka yi tafiyar. Gado yana ta tunanin faɗan Hajjo. Abin da ya guje wa damina biyu ke nan, ga shi ya zo ya wuce, yana nan da ransa.

Likitar tana nan yadda ya bar ta, ba wanda ya tafi. Mai duba sababbin zuwa ma bai canza ba, Maman Sani, wanda ya taɓa duba Gado yana saurayi. Ya gane shi, ya rungume shi da murna. Sannan ya duba bayan Lailatu, inda tabon ya zama uku. Ya taɓa jijiyar gwiwar hannunta, ya ce ta buɗe yatsu, ta rufe. Biyun nan ba su bi umarni ba.

"Yaushe aka fara gani?"

"Wata goma sha shida," in ji Gado.

Maman Sani ya ajiye audugar da ke hannunsa. "Gado, kai da ka san hanya?"

Ya juya wurin Lailatu ya yi mata bayani da taushin murya: ciwon zai tsaya da yardar Allah, maganin yana aiki, kuma ba a iya cewa ga wanda ya sa mata, don ciwo ne da ke yawo a ƙasa. Amma jijiyar da ta mutu ba ta tashi. Yatsun nan biyu za su lanƙwashe, haka za su zauna.

Gado ya komo Garin Ƙadri shi kaɗai. Labari ya riga shi isa. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa, mutum biyun nan masu saurare daga nesa ba su sake zuwa ba. Ranar Lahadin da Danda ya zo, Gado ya tashi a gaban 'yan'uwa ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Bayan an watse ya raka dattijon har bayan gari, Danda yana tura keke.

"Baba, ranar nan ka tambaye ni, na ce babu."

"Na tuna. Ni ma na yi ta cizon yatsa da ban matsa maka ba."

"Tsoron mutane na ji, na sa masa suna bangaskiya. Yanzu in na durƙusa kunya nake ji. Da wane baki zan sake roƙon Allah?"

Danda ya tsaya. "Da wannan bakin dai, ba ka da wani. Ka saurare ni, ɗana. Abin da ka yi ka yi shi, ba zan ce maka ƙarami ne ba, kuma hannun matarka ba zai koma yadda yake ba. Amma ka yi hankali, wani tsoron ne yake neman shigarka, mai ce maka Allah ya gama da kai. Shi ma maƙaryaci ne kamar na farin. Ka je ka yi noma, ka kai wa ɗiyarka hatsi, ka je ka duba matarka ko ba ta yi maka magana ba."

Haka ya yi. Duk bayan wata biyu yakan je. Da farko gaisuwa kawai take amsawa, ta tambayi lafiyar Zara'u, ta yi shiru. Yakan zauna a gefenta har lokacin tafiya ya yi. A zuwa na huɗu ta nuna masa yadda ta koyi riƙe muciya da yatsu uku.

Bayan shekara da wata biyu aka sallame ta, da sharaɗin ta ci gaba da shan ƙwayoyin, ta riƙa komawa ana dubawa. Suka biya Tasawa suka ɗauki Zara'u, wadda ta ɓoye a bayan Hajjo, sai da aka lallashe ta kafin ta yarda ta je wurin uwarta. Wannan ya fi yatsun yi wa Lailatu ciwo, Gado ya gani.

A hanyar gida, yarinyar tana barci a kan jaki, suka tsaya a inuwar wani gawo su sha ruwa. Nan ya yi ƙarfin hali.

"Lailatu, ban taɓa roƙonki da baki ba. Ki gafarta mini."

Ta rufe bakin gorar da hannun hagu. "Na daɗe da gafarta maka. A can na ga waɗanda mazansu suka kawo su suka ajiye, ba su sake waiwayarsu ba. Na yi ta faɗa da Allah a kanka har na gaji, shi ya rinjaye ni." Ta miƙa masa gorar. "Amma kada ka sa rai zan manta. Kullum zan ɗauki abu sai na tuna. Kai ma ka tuna. In ka sake ganin abin tsoro a gidanmu, ko mutuwata ce ka gani, ka hwaɗa mini."

"Zan hwaɗa."

"To, mu tahi, rana tana yi."

Ba ta sake yin sana'ar mai ba, hannun ba ya iya matsa, kuma masu saye sun koma wurin wasu. Ta koma kiwon awaki, ta kuma yi sa'a da su. Sun ƙara haihuwa biyu, duk lafiyayyu. Gado ya rayu har ya yi furfura, mutane suna kawo masa shawara saboda an san ba ya rufa-rufa. Da Danda ya tsufa ya kasa hawa keke, 'yan'uwa suka nemi Gado ya riƙa yi musu wa'azi. Ya ce a ba wani, shi zai share zaure ya shimfiɗa tabarmi. Sun yi ta roƙonsa shekara da shekaru, bai karɓa ba.